Yana jin murya amma ba ya gane kalma: matsalar daga kunne take ko daga ƙwaƙwalwa?

Mai_Neman_Sani

Assalamu alaikum. Masana harkar ji, ina da tambaya mai rassa uku.

Akwai mutanen da idan kuna zaune ku biyu a ɗaki shiru za ku sha hira lafiya lau, amma da an shiga taro, mutum biyar ko shida suna magana lokaci guda, sai ka ji suna ta "na'am?", "me ka ce?". Idan ka tambaye su sai su ce murya kam suna jin ta, kalmomin ne ke cakuɗe musu. Ka ɗaga murya kuma su ɓata rai, wai kada ka yi musu ihu. An fi ganin haka ga dattawa da masu aiki kusa da injina, amma yanzu har da matasa. Wasu ma ɗauka ake yi kunnen uwar shegu kawai suke yi.

Na farko, ta yaya kunne zai ji sauti amma ya kasa rarrabe kalma? Na biyu, kukan nan na "yiiii" da kunne ke yi bayan an tashi daga gaban lasifika, wanda kan ɓace kafin gari ya waye, ɓacewarsa na nufin an warke? Na uku, akwai iyaka a lissafe, wato ƙara mai ƙarfi kaza na tsawon lokaci kaza? Don Allah a kawo lambobi, ba "a rage jin ƙara" kawai ba.

Likitan_Kunne

Wa alaikumus salam, Malam. Ba kunnen uwar shegu ba ne, gaskiya suke faɗa. Zan ɗauki reshe na farko, amma sai mun bi sauti tun daga ƙofa.

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Yawan kaɗawar da take yi a sakan ɗaya shi ake aunawa da haz. Kaɗawa kaɗan na ba da sauti mai kauri irin rugugin aradu daga nesa, kaɗawa da yawa na ba da siriri irin kukan gyare. Lafiyayyen kunnen yaro yana kama daga haz 20 zuwa 20,000.

Ramin kunne tsawonsa kimanin santimita 2.5 ne, kuma a toshe yake ta ciki, don haka yana yin amo irin na bututu. Sautin da ke wajen haz 3,000 yakan ƙara masa ƙarfi da desibel 10 zuwa 15 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) tun kafin ya isa ciki. Ka riƙe lambar nan ta 3,000, za ta dawo. A ƙarshen ramin akwai dodon kunne, tantani mai faɗin kusan santimita 1, kaurinsa kashi ɗaya cikin goma na milimita. A bayansa ƙananan ƙasusuwa uku ne a jere, an raɗa musu suna saboda siffarsu: guduma, maƙera da likkafa. Likkafar nan ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, kimanin milimita 3.

Amfaninsu kuwa, can ciki ruwa ne, sauti kuma ba ya son tsallakawa daga iska zuwa ruwa. Ka nutsa kanka cikin ruwa wani ya ƙwala maka kira daga baki, da ƙyar za ka ji, domin kusan kashi 999 cikin 1,000 na ƙarfin sautin komawa yake yi daga saman ruwan. Dodon kunne ya fi tafin likkafa faɗi kamar sau 17, ƙasusuwan kuma suna ƙara turi kamar sau 1.3, sai matsin ya ninku wajen sau 22. Duk abin da ya hana wannan sashe motsi, ko dauɗar kunne da ta toshe rami, ko ruwa a bayan dodon kunne, ko hujewarsa, rage ƙarfin sauti yake yi. Mai irin wannan larura idan ka ɗaga masa murya zai gane ka sarai. Ba shi ne mutumin da ka siffanta ba.

Naka matsalarsa a katantanwar kunne take. Bututu ne mai ruwa, a naɗe kamar katantanwa, naɗi biyu da rabi da 'yar ɗoriya, in an warware shi kimanin milimita 35. A cikinsa akwai wata shimfiɗa da ta bi tsawonsa. A bakin ƙofa siririya ce mai tauri, kamar tsirkiyar da aka ɗaure tamau, tana amsa siraran sautuka. Can ƙurya ta yi faɗi ta yi laushi, tana amsa masu kauri. Ke nan kowane sauti yana da mazauninsa, ƙwaƙwalwa kuma tana gane sauti ne daga wurin da ya girgiza. Georg von Békésy, haifaffen Hangari, shi ya nuna yadda igiyar girgizar ke bin shimfiɗar nan, ya samu lambar yabo ta Nobel a 1961.

A kan shimfiɗar akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan tukku kamar gashi, iri biyu. Na ciki layi ɗaya ne, wajen 3,500, su ne ke mayar da girgiza saƙon lantarki su miƙa wa jijiyar ji mai zare wajen 30,000. Na waje layi uku ne, wajen 12,000, aikinsu kuma abin mamaki ne: miƙewa suke yi suna ƙanƙancewa daidai da kaɗawar sautin, sai su ƙara wa sauti mai rauni desibel 40 zuwa 50, su kuma tattara girgizar a ɗan wuri ƙarami don kada ta watsu zuwa maƙwabta. Motsinsu har wani ɗan sauti yake fitarwa zuwa ramin kunne. David Kemp ya gano haka a Landan a 1978, shi ne ma ake aunawa yau wajen gwada jin jarirai.

To, ƙara da tsufa na wajen nan suke fara kashewa, kuma daga ɓangaren siraran sautuka suke farawa. Abin da ke biyo baya shi ne amsar tambayarka.

Wasulan magana, a, i, u, e, o, da tashi da saukar murya, yawancin ƙarfinsu a ƙasa yake, kuma masu ƙarfi ne. Baƙaƙe irin s, sh, ts, f, t, k kuwa raunana ne, alamarsu tana can sama, daga haz 2,000 zuwa 8,000. Faɗi waɗannan a fili: ya fara, ya tara, ya tsara, ya ƙara. Wasulansu ɗaya, karin muryarsu ɗaya, ɗan hucin nan na farkon kalma kaɗai ya raba su. Wanda ya rasa jin sama "ya -ara" kawai ke isa gare shi. A ɗaki shiru ƙwaƙwalwarsa na cike gurbin daga zaren zancen, shi da kansa bai san yana yi ba. A taro kuwa hayaniya ta cinye ragowar alamun, ga shi tun da na waje sun mutu kowane sauti ya bazu ya hau kan ɗan'uwansa, kamar rubutun da ruwa ya taɓa.

Batun ihu kuma, na waje sauti mai rauni kawai suke taimaka wa. Sauti mai ƙarfi kai tsaye yake isa ga na ciki, da su ko ba su. Saboda haka raɗa ta ɓace masa gaba ɗaya, amma ihu yana nan yadda yake, da zafinsa. Tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "ya yi yawa" ta tsuke. Bugu da ƙari ihu wasula yake kumburawa, ba baƙaƙe ba, sauti mai kauri kuma yana danne siriri. Ka ƙara masa abin da dama yana ji, ka binne wanda yake nema.

Ƙwayoyin nan ba sa sake tsirowa a jikin mutum. Tsuntsaye da kifaye nasu na tsirowa, mu kuwa da abin da aka haife mu da shi za mu ƙare.

Mai_Neman_Sani

Allah ya ƙara basira, Likita. Misalin fara da tara ya warware mini kai. Amma ka ce in riƙe haz 3,000, ban ga inda ta dawo ba. Sannan na taɓa jin cewa kunne yana da wata tsoka da ke kare shi daga ƙara.

Likitan_Kunne

Ka kama ni. Tun da ramin kunne na ƙara wa sautin wajen haz 3,000 ƙarfi, nan ne duka ya fi sauka. Ɓarnar kuma kan bayyana ɗan sama kaɗan da inda dukan yake, shi ya sa tambarin ɓarnar ƙara a takardar gwaji wani kwari ne, wato layin awon ya nutse ƙasa, a haz 4,000, wani lokaci 3,000 ko 6,000, sai layin ya ɗan farfaɗo a 8,000. Na tsufa ba ya farfaɗowa, gangarowa kawai yake yi.

Tsoka kuwa akwai ta, maƙale da likkafa, tana ɗaurewa idan sauti ya yi ƙarfi. Kada ka dogara da ita. Masu kauri ta fi ragewa, tana gajiya idan ƙarar ta daɗe, kuma kafin ta ɗaure harbin bindiga ko fashewar taya ya riga ya shige.

Injiniyan_Sauti

Likita ya gama da ciki, bari in ɗauki lissafi.

Desibel ba kamar mita ko kilo ba ne da ake tarawa ɗaya bisa ɗaya. Awo ne na ninki. Desibel 0 ba shiru ba ne, shi ne mafi raunin sautin da lafiyayyen kunnen matashi ke iya kamawa. Raɗa wajen 30 ce, hirar yau da kullum daga nisan mita ɗaya wajen 60, titi mai cunkoson motoci 80 zuwa 85, injin zarton sare itace wajen 110, harbin bindiga ya haura 140. Waya da iyafis idan an ƙure su sukan kai 100 ko su wuce.

Ga tarkon. Duk ƙarin desibel 3, ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka biyu. Amma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka biyu sai an ƙara wajen desibel 10, alhali a nan ƙarfin ya ninka goma. Wato kai kana jin "ɗan ƙari kaɗan na yi", katantanwa kuwa ta san sau nawa aka ninka mata kaya. Kunne mugun ma'auni ne ga abin da ke cutar da shi.

Ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawara a kai ya fara daga desibel 85 na awa 8 a rana, duk ƙarin 3 a raba lokacin biyu:

88, awa 4
91, awa 2
94, awa 1
97, minti 30
100, minti 15

Kuma taruwa suke yi. Wanda ya yi minti 30 a 94 ya ci rabin kasonsa na ranar. Ya ƙara awa 2 a 88, ya cinye ɗaya rabin. Idan ya tashi aiki ya cusa iyafis a hanyar gida, bashi ya shiga ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi tsanantawa ga abin da ake saurare da iyafis: desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yara. A kan wannan ma'auni, 90 awa 4 ce a mako gaba ɗaya, 100 kuwa wajen minti 20. Shawararta ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. Inda mutane ke faɗawa shi ne cikin mota ko jirgi, suna ƙara sauti don ya rinjayi rurin injin. Iyafis mai toshe rami sosai, ko mai kashe hayaniyar waje, yana magance wannan, ba don yana da wani sirri ba sai don ba ka da dalilin ƙurewa.

Ba ka da na'urar awo? Tsaya nesa da mutum tsawon hannu. Idan sai ka ɗaga murya zai ji ka, kuna wajen 85. Idan sai ka yi ihu, kun kai 95 ko kun wuce. Manhajojin awo na waya suna ba da haske, sai dai makirfon waya kan cika ya daina hawa idan ƙara ta yi tsanani, sai ya nuna ƙasa da gaskiya daidai inda ka fi bukatar gaskiyar.

Nisa shi ne kariya mafi sauƙi. A fili, duk ninka nisa biyu yana rage desibel 6. Lasifikar da ke ba da 106 a mita 1 za ta ba da 100 a mita 2, 94 a mita 4, 88 a mita 8. A mita 1 kasonka bai cika minti 4 ba, a mita 8 awa 4 ne. Taku 'yan kaɗan ne tsakaninsu. Cikin ɗaki mai bangon siminti ragin bai kai haka ba, domin bango na dawo da sautin.

Sai matoshin kunne. Auduga kusan ba ta tare komai, kwantar da hankali kawai take yi. Na soso shi ne na ƙwarai, amma yawancin mutane a baki suke ɗora shi kamar murfin kwalba. Yadda ake sa shi: a murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, a tura shi ciki, a danne da yatsa sakan 20 zuwa 30 har ya kumbura. Idan ya zauna daidai, wanda ke kallonka ta gaba da ƙyar zai hango shi, muryarka kuma za ka ji ta yi kauri a cikin kanka. Lambar da ke jikin kwalinsa ta ɗakin gwaji ce, a wurin aiki ka ɗauka rabinta za ka samu.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne illar cirewa. Matoshi mai rage desibel 30, idan aka cire shi minti 30 kacal cikin awa 8 na ƙara, kariyar ranar gaba ɗaya ta faɗo zuwa wajen 12. Rabin awar nan ta fi sauran awa bakwai da rabi ɓarna nesa ba kusa ba. Haɗa matoshi da marufin kunne kuma ba ya tara lambobinsu, wajen desibel 5 kawai yake ƙarawa, saboda daga nan sautin ta ƙashin kai yake shiga.

Malama_Mai_Gwajin_Ji

Sannunku da ƙoƙari. Reshe na biyu ne aka bari, ga shi kuma shi ya fi ruɗar mutane.

Kuka da toshewar da ake ji bayan ƙara alama ce cewa an wuce kima. Yawanci ji yakan dawo cikin awa 16 zuwa 48. Amma dawowar ji ba ta nufin komai ya koma yadda yake. A 2009 Sharon Kujawa da Charles Liberman, a Boston ta Amurka, sun sa ɓeraye cikin ƙarar desibel 100 na awa 2. Cikin mako biyu jin ɓerayen ya koma daidai a awo, ƙwayoyin gashinsu duk suna raye. Da aka duba da madubin ƙara girma sai aka tarar a ɓangaren siraran sautuka har kusan rabin mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin ciki da zaren jijiya sun tsinke. Zaren da suka fi saurin tsinkewa su ne masu aiki a sauti mai ƙarfi, wato waɗanda ake bukata a cikin hayaniya. Gwajin da aka saba yi kuwa raɗa yake aunawa a ɗaki shiru, zare kaɗan ma sun isa a ci shi. Wannan na daga cikin abin da ake dangantawa da mutumin da takardarsa ta fito tsaf amma taro ya gagare shi. Don haka ni ina ɗaukar kowane kukan kunne bayan ƙara a matsayin gargaɗi. A ba kunnen hutu aƙalla kwana ɗaya cur kafin a sake shiga wata ƙarar.

Shi kansa kukan, mai ɗorewa, galibi ba daga waje yake ba, ba kuma wani abu ne ke motsi a kunnen ba. Saƙo ne ya ragu daga wani ɓangare na katantanwa, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara nata ƙarfin karɓa har ta fara jin tsitsiniyar kanta. Shi ya sa kaifin kukan kan yi daidai da inda ji ya raunana, shi ya sa kuma ya fi damu da dare. Ɗan sauti mai taushi a ɗaki, ko na fanka ne, yana rage shi.

Gwaji kuwa, ana fara leƙa ramin kunne da fitila, domin in dauɗa ce an huta. Sai a sa mutum a ɗaki marar amo, a aika masa sautuka daga haz 250 zuwa 8,000, kowane kunne daban, a rubuta mafi raunin da ya ji. Sai a maimaita da wata 'yar na'ura da ake ɗorawa kan ƙashin bayan kunne, wadda ke tsallake rami da dodon kunne ta tafi katantanwa kai tsaye. Idan ta ƙashi ya ji lafiya amma ta iska bai ji ba, matsalar a hanya take, sau da yawa kuma tana da magani ko aiki. Idan duka biyun sun faɗi tare, katantanwa ce ko jijiya. A rabon Hukumar Lafiya ta Duniya, idan mafi raunin sautin da mutum ya ji ƙasa da desibel 20 ne to lafiya ne, 20 zuwa 35 rauni kaɗan, 35 zuwa 50 matsakaici, haka har zuwa kurumta. Mai irin ƙorafin da ka kawo, Malam, ya nemi a ƙara masa gwajin gane kalmomi cikin hayaniya, kuma a tabbatar an auna 3,000 da 6,000, don wasu sukan tsallake su, kwarin kuwa yakan ɓuya a can.

Akwai wanda ba a jira da shi. Mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke, ko ya ɗauke cikin kwana uku, da toshewa da kuka, wani lokaci da jiri. Da yawa sai su ce dauɗa ce ko mura, su yi ta ɗiga magani. Ga gwaji mai sauƙi: a rufe baki a yi "mmmm". Idan an fi jin muryar a kunnen da ya toshe, alamar toshewar hanya ce. Idan ta gudu zuwa lafiyayyen kunnen, alamar ciki ne, a ga likitan kunne a ranar. Maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko, bayan mako biyu amfaninsa ya ragu ƙwarai. Haka nan raunin ji ko kuka a kunne ɗaya tak da ke ƙaruwa a hankali, da kukan da ke bugawa daidai da bugun zuciya, duk suna son bincike na musamman.

Wasu magunguna ma suna taɓa katantanwa: allurai irin jentamaisin, sitireftomaisin da amikasin, da sisfilatin na cutar daji, waɗannan ɓarnarsu kan zauna. Kwinin da asfirin mai yawa sukan sa kuka wanda yawanci yake tafiya idan an daina. Wanda ke kan ɗayansu ya ji kunnensa ya sauya, ya gaya wa likitansa nan take, kada ya yanke da kansa.

Tsinken auduga kuma a bar shi. Fatar ramin kunne da kanta take tafiya daga ciki zuwa waje tana ɗauke da dauɗar, tsinke mayar da ita ciki yake yi ya danƙare ta a jikin dodon kunne.

Ɗalibin_Kimiyya

Malama, a gafarce ni, ina ganin an ɗora wa kunne laifin duka. Shi kansa taken tambayar ya ambaci ƙwaƙwalwa. Mai kunne ɗaya lafiyayye garau, ɗayan a mace, shi ma taro na gagararsa, alhali katantanwarsa ɗaya ba abin da ya same ta. Ina wannan ya shiga cikin bayanin?

Malama_Mai_Gwajin_Ji

Ka yi gaskiya, ɗan'uwa, kuma wuri ne mai kyau ka taɓo. Tsamo murya ɗaya daga cikin goma aikin ƙwaƙwalwa ne, babban makaminta kuma shi ne kwatanta kunnuwa biyu.

Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan. Idan ya fito daga damanka sosai, yana riga isa kunnen dama da abin da bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan ba, wajen kashi 0.7 na hakan. Ƙwaƙwalwa na iya gane bambancin da ya kai ƙanƙantar kashi 10 cikin miliyan na sakan. Wannan dabara a sautuka masu kauri take aiki, ƙasa da haz 1,500. A sama da haka kai ne ke yin inuwa: siririn sauti ba ya iya zagaye shi, sai ya isa kunnen nesa a raunane, bambancin kan kai desibel 20. Da waɗannan biyun ƙwaƙwalwa ke ajiye kowace murya a wurinta, ta ce wannan na hagu, wancan na gaba, sannan ta zaɓi wadda za ta bi. Mai kunne ɗaya duk muryoyin a tuli ɗaya suke zubo masa. Dalilin da ya sa ke nan mai rauni a kunne biyu ake ba shi shawarar na'urar ji biyu, ba ɗaya ba.

Ido ma yana cikin aikin. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald a Ingila sun haɗa sautin "ba" da hoton leɓen mai faɗin "ga", yawancin manyan da suka kalla "da" suka ji. Kowa yana karanta leɓe ba tare da ya sani ba, mai raunin ji kuwa da shi yake rayuwa. Shi ya sa magana daga wani ɗaki, ko a duhu, ko da hannu a baki, take ɓace masa. Wannan cike gurbi kuma yana cin ƙarfi. Za ka ga mutum ya tashi daga taron awa biyu a gajiye liƙis, daga baya ya fara gudun taro, a ce ya zama miskili.

Mai_Neman_Sani

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ta ƙarshe: 'yan na'urorin ƙara sauti da ake maƙalawa a kunne ba tare da gwaji ba, za su yi wa irin wannan mutum amfani?

Injiniyan_Sauti

Irin waɗanda ke ƙara komai bai ɗaya, a'a, Malam. Ka tuna abin da Likita ya ce: masu kauri dama yana jin su. Irin wannan na'ura za ta kumbura rurin mota da ƙarar fanka su danne baƙaƙen, kuma idan ba ta da iyakar ƙarfi, bugun ƙofa ɗaya zai iya sa ya cire ta ya jefa a aljihun tebur. Na'urar ji ta ainihi raba sauti take yi kashi-kashi, a saita kowane kashi da takardar gwajin mutum: ƙari mai yawa a 3,000 da 4,000 inda ya rasa, kaɗan ko babu a 500 inda yake ji, ƙari mai yawa ga raɗa, kusan babu ga ihu. Makonnin farko komai zai yi masa ƙarfe-ƙarfe, har motsin takarda da zubar ruwa, saboda ƙwaƙwalwa ta daɗe ba ta ji su ba. A nan da yawa ke karaya. A riƙa sa ta kullum, a fara da cikin gida, a koma a sake saiti bayan 'yan makonni.

Kafin nan, masu zama da shi su kira sunansa ya juyo kafin su fara magana, su tsaya nisan mita ɗaya zuwa biyu haske na kan fuskarsu, su kashe talabijin, su rage sauri ba tare da jan kalmomi ba. Idan bai gane "ya tsara" ba, maimaita ta sau uku da ƙarfi ba zai fito da "ts" ɗin ba. A ce "ya shirya".